Tambayi Likitan Dabbobi: Hoton Haƙoran Kare da Kyanwa

Assalamu alaikum. Huɗu daga cikin wasiƙun da suka iso mini wannan watan duk a baki suka tsaya, bakin kare da na kyanwa, shi ya sa na haɗa su wuri ɗaya. Malamin da ya rubuto daga Dawanau kan kaskar shanu ya yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Likita, ina da karen gadi a sitona da ke Bompai, shekararsa 6. Wata uku ke nan wani kumburi yana fito masa a ƙarƙashin idon hagu, ya fashe ya yi ruwa, a yi masa allura ya lafa, bayan mako biyu ya dawo. Yanzu wani likita ya ce sai an sa shi barci an ɗauki hoton eksire na haƙoransa. Ni kuwa ido na ga yana ciwo, kuma abincinsa yake ci lafiya lau. Anya ba hanyar karɓar kuɗi ba ce? Daga wani Alhaji ɗan kasuwa, Bompai.

AMSA: Alhaji, likitan nan gaskiya ya gaya maka, ka riƙe shi. Ban ga karenka ba, amma wannan labarin na ji shi sau ba adadi a ɗakin duba dabbobi, kuma kusan kullum haƙori ɗaya ne mai laifi. Babban kare yana da haƙora 42. A muƙamuƙin sama, ta kowane gefe, akwai wani ƙaton haƙori mai kaifi da yake yanka nama da shi kamar almakashi. Mu a wurin aiki lamba muke ba kowane haƙori, na hagun nan shi ne 208, na dama 108. Saiwa uku gare shi, kuma ƙarshensu yana zaune daidai ƙasan ido. Idan masu gadi suka saba kawo wa kare ƙashin ƙafar saniya daga mahauta, wata rana sai gefen haƙorin ya ɓare, ɓargon cikinsa ya buɗe, ƙwayoyin cuta su bi ta nan su sauka can ƙarshen saiwa su tara mugunya. Mugunyar ba ta da mafita sai ta huda ƙashi ta ɓullo ta fata, a wurin da kake ganin kumburin. Allura tana kwantar da shi ne kawai, gidan cutar yana nan. Cin abincin da yake yi kada ya ruɗe ka. Ka tsaya ka lura da shi gobe, za ka ga da gefe ɗaya yake tauna.

Abin da ido ke gani na haƙori bai kai rabinsa ba, sauran yana binne cikin dasashi da ƙashi. A 1998 likitoci a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis, a Amurka, sun ɗauki hoton baki gaba ɗaya na karnuka da kyanwoyi, suka tarar a haƙoran da ido ya ce lafiyarsu ƙalau akwai ciwo mai muhimmanci a kashi 27.8 cikin 100 na karnukan, da kashi 41.7 na kyanwoyin. Ni kaina kafin in sami na'urar ɗaukar hoton haƙori na taɓa cire irin wannan haƙori, na ɗauka na gama, ashe guntuwar saiwa ta karye ta zauna a ciki. Karen ya sha wahalar wata biyu kafin a dawo da shi. Tun daga ranar ba na sa filaya a haƙorin da ban ga saiwarsa ba, kuma bayan na cire sai na sake ɗaukar hoto na tabbatar ramin ba komai.

Batun barci kuwa dole ne. Farantin da hoton ke fitowa a kansa a cikin baki ake sa shi, bai wuce akwatin ashana ba, kuma motsi kaɗan ya ɓata hoton. Kai mutum a ce maka kada ka motsa sai ka tsaya, kare kuwa taune farantin zai yi, ko hannun mai riƙe da shi. Abin da ya kamata ka tambayi likitan shi ne: zai auna jinin karen tukuna? Zai sa masa roba a maƙogwaro don numfashi, kada ruwa da jini su gangara huhu? Wa zai zauna yana lura da bugun zuciyarsa? Zai gaya maka sa'o'in da za a hana shi abinci kafin aikin, ka sa masu gadi su kiyaye. Ka kuma tafi da katin rigakafin haukan kare, domin hannu za mu zura cikin bakinsa.

TAMBAYA: Ranka ya daɗe, ni sabon likita ne, ina bautar ƙasa a wani asibitin dabbobi a nan Kano. An sayo ƙaramar na'urar hoton haƙori, an ce ni zan koya. Na ƙasa suna fita da kyau, amma na sama ko dai su fito a dunƙule kamar an danne su, ko su miƙe har ƙarshen saiwar ya fice daga hoton. Na karanta littafi kan raba kusurwa har kaina ya yi zafi. Ina mafita? Daga wani ɗan bautar ƙasa, Tarauni.

AMSA: Ƙanena, rufe littafin tukuna ka fita tsakar gida ka kafa sanda. Hoton eksire inuwa ce, ba wani abu ba. Haƙori shi ne sandar, faranti shi ne ƙasa, bakin na'ura shi ne rana. Da rana tsaka inuwar sanda tana taruwa a gindinta, a nan Kano ma wajen ƙarshen Afrilu kusan ɓacewa take yi. Da almuru ta miƙe ta haye katangar maƙwabta. A tsakanin nan akwai lokacin da tsawon inuwar ya yi daidai da tsawon sandar, kuma kai ka san shi tun kana makarantar allo, domin da shi malamai suke gane shigar la'asar. To, duk abin da littafinka yake faɗa shi ne: nemo wa kowane haƙori la'asar ɗinsa. Hoto ya fito a dunƙule, ranarka ta yi tsaka, sai ka sauko da na'urar. Ya fito a miƙe, ranarka ta yi yamma, sai ka ɗaga ta.

Dalilin da ya sa na ƙasa ba sa ba ka wahala shi ne a can akwai wuri. Ka kwantar da kare ta gefe, ɓangaren da kake so yana sama, ka zura farantin tsakanin harshe da muƙamuƙi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da saiwoyin, ka danna shi ƙasa har ka ji bakinsa da yatsanka ta fatar ƙarƙashin haɓa, ka tokare shi da dunƙulen bandeji, ka harba haske kai tsaye a digiri 90. Wannan hanya ita ce mafi gaskiya, amma turamen baya na ƙasa kaɗai take yi wa aiki. Idan ka matso gaba, inda ɓari biyun muƙamuƙi suka haɗu a haɓa, faranti ba ya iya sauka. A sama kuma ganɗar kare da ta kyanwa shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta da zurfi irin tamu, don haka faranti kwanciya kawai yake yi, haƙori yana tsaye a kansa. Nan ne raba kusurwa ya shigo. Ka ƙiyasta kusurwar da ke tsakanin saiwa da faranti, ka raba ta biyu da layi a zuciyarka, ka sa hasken ya faɗi a miƙe kan wannan layi. Wani likitan haƙori ɗan ƙasar Folan, Antoni Cieszynski, shi ya tsara wannan ƙa'ida a 1907, shekara 12 bayan masanin kimiyya Bajamushe Röntgen ya gano hasken eksire.

A aikace ga yadda nake yi. Haƙoran sama, kare ya kwanta rub da ciki, in tallafe haɓarsa da naɗaɗɗen tawul har ganɗar ta yi daidai da teburi, ba ta kallon sama ba ta kallon ƙasa. Kada ka raina wannan. Rabin ɓatattun hotunan da nake gani, kan dabbar ne ya karkace, mutum yana ta juya na'ura alhali ƙasar da ya kafa sandarsa ce ba ta miƙe ba. Idan kan ya daidaita, saiwoyin turamen sama kusan a tsaye suke kan faranti, rabin 90 kuwa 45 ne, sai ka zo ta gefe a wajen digiri 45 ka fara daga nan.

Fiƙa ita ce ke kayar da sabon hannu. Abin da kake gani a waje yana kallon ƙasa, amma saiwarta ta fi shi tsawo, kuma lanƙwasa ta yi ta koma baya, ƙarshenta yana can saman ƙaramin turmi na biyu. Ka sa yatsa a dasashi ka bi tudunta, za ka ji inda ta nufa. Idan ka auna da kan haƙorin ka ba shi 45, saiwar za ta miƙe ta bar farantin, abin da kake kuka da shi ke nan. Saiwa ake bi. Tunda a kishingiɗe take, kusurwarta da faranti ƙarama ce, don haka hasken daga sama sosai zai zo, wajen digiri 70 daga teburi. Kuma kada ka zo mata ta gaban hanci sak, domin inuwarta za ta hau kan ƙananan turame, ka karkato tsakanin gaba da gefe. Tura farantin can ciki, tsinin fiƙar ya zauna a bakin-bakinsa. A manyan karnuka ƙaramin faranti mai lamba 2 ba ya ɗauke fiƙa gaba ɗaya, ko ka nemi babba mai lamba 4 ko ka ɗauka sau biyu. Haƙoran gaba na ƙasa da fiƙoƙinsu kuwa, ka juya kare rigingine, tawul a ƙarƙashin wuya har muƙamuƙin ya daidaita, lissafin ɗaya ne, kuma fiƙoƙin biyu sukan fito a hoto guda.

Sai haƙori mai saiwa uku da na gaya wa Alhaji. Biyu na gaba suna jere ne, ɗaya ta wajen kunci ɗaya ta wajen ganɗa, idan ka zo ta gefe sak sai su haɗe su zama ɗaya. Ka bar tsayin na'urar yadda yake, ka zagaya da ita kaɗan ta wajen hanci ko ta wajen kunne, sai su rabu. Wacce ce wacce? Ka tuna idan kana cikin adaidaita sahu kana hango Dutsen Dala daga nesa: shagunan bakin titi baya suke gudu, dutsen kuwa kamar yana bin ka. Saiwar da ta bi inda ka kai na'urar ita ce ta nesa, ta wajen ganɗa. Wadda ta guje ka ita ce ta wajen kunci.

Wajen gyara, abu ɗaya za ka taɓa a kowane karo. Tsawon haƙori ya yi daidai amma ƙarshen saiwa ya yanke? Farantin za ka matsar, kada ka taɓa na'urar. Hoton da bai nuna milimita 2 zuwa 3 na ƙashi bayan ƙarshen saiwa ba, bai amsa tambayar da aka yi masa ba, a sake. Wani farin yanki mai siffar jinjirin wata ya cinye gefen hoton? Bakin na'urar ne ya kauce wa faranti, ka gusa shi ba tare da ka canza kusurwa ba, kuma ka matso da shi dab da fata. Sannan akwai wani tarko a muƙamuƙin ƙasa, ƙaramar kafa da jijiya ke fitowa ta cikinta kusa da saiwar ƙaramin turmi na biyu. A hoto baƙin ɗigo take yi, sak mugunya. Na taɓa ɗauko kayan cirewa saboda ita, Allah ya taimake ni na ce bari in ƙara hoto ɗaya ta wata kusurwa. Ɗigon ya matsa ya bar saiwar. Da ciwo ne da ya manne mata duk inda na juya.

Kada ka koya a kan dabba mai barci, kowane minti na maganin barci nauyi ne a kanta. Samo ƙoƙon kan mataccen kare, a dafa a wanke a busar, ka sa guntun kwali a madadin faranti, ka riƙa haska tsinken sakace da tocilan wayarka kana kallon inuwa. Mako biyu kana haka bayan an tashi aiki, hannunka zai riga kanka sanin kusurwar.

TAMBAYA: Likita, magena ta shekara 8 a hannuna. Kwanan nan idan na ba ta kifi sai ta ɗauka ta yar, bakinta yana karkarwa, wani lokaci ta gudu daga kwanon. Na duba na ga wani jan nama ya hau kan haƙori ɗaya na ƙasa. Maƙwabciyata ta ce tsutsa ce ta ci haƙorin, a cire kawai. Ita ma sai an yi mata hoton? Daga wata uwa, Gwammaja.

AMSA: Hajiya, Allah ya saka miki da alheri da kika lura, mutane da yawa sai mage ta rame suke gane bakinta ne. Ba tsutsa ba ce, kuma ba irin ruɓewar haƙorin mutum mai shan zaƙi ba ce. Wata cuta ce da ta yawaita a kyanwoyi masu shekaru, inda jikin da kansa yake zaizaye haƙorin, yawanci daga wuyansa, dasashi ya tsiro ya rufe ramin. Jan naman da kika gani ke nan. Ta fi farawa daga turmin farko da ke bayan fiƙar ƙasa, kuma zafinta ba kaɗan ba ne, ko tana cikin barcin allura idan aka taɓa wurin sai muƙamuƙin ya yi rawa.

Hoto a nan shi ke yanke hukuncin irin aikin da za a yi. Wani lokaci saiwar tana nan da siffarta, da siririn baƙin layi kewaye da ita, to dole a fito da ita duka. Wani lokaci kuma ta narke ta zama ɗaya da ƙashi, babu abin cirewa, sai a yanke kan haƙorin a ɗinke dasashi a kai. Wanda ya shiga haƙa ba hoto yana neman saiwar da babu, zai iya karya muƙamuƙin da bai fi ɗan yatsanki kauri ba. Kuma da wuya cutar ta tsaya a haƙori ɗaya, don haka a ɗauki duka 30 ɗin, hotuna 8 zuwa 10 sun isa.

Ga abokan aikina da ke karanta wannan shafi, kyanwa tana da nata sharaɗin. Ƙashin kuncinta ya bazu waje, idan aka zo wa turamen sama a 45 irin na kare sai inuwarsa ta rufe saiwoyin. A sauko zuwa wajen digiri 30, hasken ya bi ta ƙarƙashinsa. Haƙoran za su ɗan yi tsawo, na yarda da wannan, gara tsawon da rufewa. Ko kuma a kwantar da ita ta gefe a sa farantin a waje ƙarƙashin kuncin da ake so, a buɗe bakin, a harbo daga sama ta cikinsa, a kuma rubuta a jiki cewa daga waje aka ɗauka don kada a rikita hagu da dama. Amma don Allah kada a wangale bakin kyanwa da ƙarfen nan mai sifirin. Jinin da ke zuwa idonta da ƙwaƙwalwarta ta wata jijiya yake bi a bayan muƙamuƙi, wangalewa mai tsanani tana matse ta, an sha samun kyanwoyin da suka farka daga barci a makance saboda haka. Guntuwar murfin allura da aka yanke gajere ta wadatar a tokare bakin da ita. Da hunturu kuma a lulluɓe ta, ƙaramin jiki ba ya riƙe ɗumi a cikin barci.

Hajiya, kafin ki kai ta, ki jiƙa mata abinci mai laushi, kuma kada ki ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya tana iya kashe mage.

TAMBAYA: Baba Likita, ni ma'aikaciya ce a wani asibitin dabbobi. Ba mu da na'urar haƙori, da babbar ta ƙashi muke amfani, kuma ni ake sa wa in riƙe kan kare da fim idan za a ɗauka. Yanzu ina da ciki wata uku. Akwai matsala? Daga wata ma'aikaciya, Sharaɗa.

AMSA: 'Yata, akwai, kuma daga yau ki daina. Ko ba ciki, hannun mutum ba ya shiga gaban hasken nan. Hoto ɗaya ba a jin komai, amma ke kullum ce, kuma abin taruwa yake yi. Da ciki kuwa waje za ki fita gaba ɗaya har a gama. Dabbar da aka sa barci yadda ya kamata ba ta buƙatar mai riƙo: tawul, buhun yashi ƙarami, bandeji da filasta su ne masu riƙon. Wanda zai danna ya sa rigar dalma, ya ja baya aƙalla mita 2, ya tsaya ta gefe ba inda hasken ya dosa ba. Nisa yana da amfani ƙwarai, idan aka ninka shi biyu abin da ke isa jiki yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. Bajamushen nan Otto Walkhoff, da ya fara ɗaukar hoton haƙoransa a 1896, minti 25 ya yi a gaban haske domin a lokacin ba a san illarsa ba. Mu an sani, har Najeriya ta yi doka a 1995 wadda ta kafa hukumar NNRA mai sa ido kan masu amfani da irin waɗannan na'urori, asibitin dabbobi ma yana ciki.

Babbar na'urar taku tana iya aikin haƙori. Kuskuren da ake yi shi ne a ɗauki kan gaba ɗaya daga waje, haƙoran hagu su hau kan na dama, ba a ga komai. A sayo ƙananan fina-finan haƙori irin na asibitin mutane, a sa a cikin baki, ɓangaren da ke da ɗan tudun alama yana kallon haske, a sauko da kan na'urar kusa, wajen santimita 30 zuwa 40. Da yake kan nata ba ya juyawa yadda ake so, dabbar ake karkatawa da tawul har inuwar ta daidaita. Wanki kuma kofi huɗu ne a ɗaki mai duhu: maganin fito da hoto, ruwa, maganin kafe shi, ruwa.

Ki kai wa mai asibitin wannan shafi ya karanta, ki kuma gaya wa ungozomar da ke miki awo irin aikin da kika yi a watanni ukun nan da yawan lokutan da kika tsaya, ta rubuta a katinki. Allah ya sauke ki lafiya.